Taɓa Shi, Yallaɓai, Ba Ya Cizo

Tun ban gama faɗin abin da ya kawo ni ba na hango wasunku sun taɓe baki. Wai duk abin da ya ishi jama'a, a rasa na rubutu sai jeren maɓallan da ke saman manhajar imel a kwamfuta. Na ji, kuma na gode. Ku ƙarasa tsakin ku gyara zama, don yau a kan maɓallan nan za mu yini, kuma wanda ya fi kowa jan tsaki shi nake so ya matso gaba.

Bari in fara sallamar mutanen WhatsApp, don su ne masu saurin tashi. Alhaji, na yarda, kai harkarka duk a waya take: a turo hoton kaya, ka tura saƙon murya, a ji alat, an gama ciniki. Allah ya ƙara buɗi, kama gabanka, ba da kai nake ba. Da ɗanka nake, mai neman gurbin karatu a waje, wanda ke kwana yana jiran amsar jami'a. Da ƙanwarka nake, akawun ƙungiyar agaji, wadda kafin azahar akwatinta ya cika ya batse. Da malamin jami'a, da sakatariyar ofis, da ɗan kwangilar da ba a karɓar takardunsa sai ta imel. Waɗannan tun safe suna gaban Outlook ko Thunderbird, hannu a kan maus, kuma hannun nan layin sama yake zarya.

To, ku da kuka rage, a buɗe manhajar mu gani. Idan Outlook ce, tsohuwar nan ta kwamfuta da ofisoshi suka saba da ita, za ka ga faffaɗan layin da ake kira Ribbon ya shimfiɗe daga wannan kusurwa zuwa waccan. Ga New Email, ga New Items, ga Ignore, ga Clean Up, ga Junk da Delete da Archive, sannan Reply da Reply All da Forward sun jeru kafaɗa da kafaɗa, sai Quick Steps, sai Move, Rules, Categorize, Follow Up, har dai ido ya gaji. Yanzu Malam, tsakaninka da Allah, yaushe rabonka da Clean Up? Daina kallon silin, ni za ka kalla. Ka ma san aikinsa? Shi ne mai share tsofaffin saƙonni a doguwar muhawara idan duk abin da ke cikinsu ya riga ya maimaitu a saƙon da ya biyo baya. Aiki ne mai kyau, amma kai ba ka taɓa sa shi ba, kuma shekara da shekaru yana zaune daram a inda hannunka ke wucewa. Abin da kake dannawa kullum bai wuce yatsun hannu ɗaya ba: ka rubuta sabo, ka ba da amsa, ka tura wa wani, ka ajiye, ka share. Wanda kuma kake matuƙar buƙata, wato buga takarda, saboda oga ba ya karanta komai sai a farar takarda da jan biro a hannu, shi an ɓoye shi a bayan File, sai ka danna nan ka danna can kafin firinta ta yi tari.

Je ka tsaya gaban teburin mai shayi da sassafe, lokacin da 'yan acaɓa da leburori suka yi masa caa. Kalli hannunsa. Gwangwanin madara da robar sukari suna dab da buta, kofuna a kife a gefen da yake zubawa, kiret ɗin ƙwai yana jikin kaskon suya, wuƙa tana kan biredi. Yana fasa ƙwai, yana amsa gaisuwa, yana ba da canji, idonsa bai sauka kan teburin ba. Gwangwanin kifi da ake nema jefi-jefi yana can ƙarshen tebur. In bahago ne, ka tarar komai ya koma ɗaya gefen. Kafinta ne ya yi teburin, amma jeren kaya na mai shayi ne. Kai kuwa, mai digiri biyu, kafinta ya jera maka, ka karɓa da godiya, kana yini kana miƙa hannu ƙarshen tebur neman sukari.

Ga Injiniya can ya ɗaga hannu, kuma na san shi, ba ya magana sai da hujja. Cewa yake waɗanda suka ƙera manhajar ba 'yan koyo ba ne, sun yi bincike, sun san inda ya dace kowane maɓalli ya zauna, kai wane ne da za ka yi musu gyara? Har da lissafi a aljihunsa, kuma lissafin gaskiya ne. Lokacin da Microsoft ke shirin Office 2007, Jensen Harris, ɗaya daga cikin jagororin zana sabuwar fuskar, ya bayyana abin da suka gani a bayanan masu amfani da Office 2003 waɗanda suka yarda a bibiyi yadda suke aiki: a ƙasa da kashi 2 cikin 100 na lokutan da aka buɗe manhajar ne aka tarar an sauya jeren maɓallai. Wato kusan kowa yadda aka ba shi haka ya bari. Wannan na cikin hujjojin da suka sa aka fito da Ribbon a kulle, ba ka da ikon motsa komai a jikinsa, sai wani ɗan siririn layi a can sama, Quick Access Toolbar, da aka bar maka ka yi wasa da shi.

Sannu Injiniya, ka yi ƙoƙari, sai dai rabi ka karanta ka rufe. Bayanan nan dai su suka nuna cewa cikin 'yan tsirarun da suka yi gyaran, mafi yawansu maɓalli huɗu ko ƙasa da haka suka taɓa. Huɗu. Ni ma iyakar roƙona ke nan, ban ce a rushe gida ba. Sannan shirun mutane ba ya nufin sun gamsu. Da yawa ba su ma san ana yi ba, kamar ke Hajiya da yanzu kike ji. Kamfanin da kansa ma bai daɗe a kan bakansa ba: a Office 2010, shekara uku kacal, sai ga Customize Ribbon a cikin Options, an ce kowa ya jera yadda yake so. Masu ƙirar sun san aikinsu, ba na musu. Amma su ɗaruruwan miliyoyin mutane suke jera wa a lokaci guda, da lauya da likita da mai sayar da inshora a Landan, dole su ɗauki tsaka-tsaki. Shi kuwa wannan ɗan tsaka-tsakin ba shi da oga mai son a buga masa komai, kuma ba a ɗauke masa wuta yana tsakiyar aiki. Mai ɗaki shi ya san inda yake masa yoyo. Sun ma taɓa gwada su yi maka jeren da kansu: a Office 2000 manhajar kan lura da umarnin da ba ka cika dannawa ba ta ɓoye shi. Mutane suka rasa inda kayansu suke, yau ga shi gobe babu, daga baya aka watsar da dabarar.

In kuma har yanzu kana ganin duk abin da ke jikin manhaja daga ɗakin bincike ya fito, zaɓi saƙo a tsohuwar Outlook ka danna Ctrl da F. A kusan kowace manhaja wannan nema yake nufi, ka rubuta kalma a lalubo maka ita. A nan kuwa sai ka ga saƙon ya buɗe yana jiran ka faɗi wanda za a tura wa. Raymond Chen, daɗaɗɗen injiniyan Microsoft, ya ba da labarin dalili: a 1995, ana gina manhajar imel ta kamfanin, an sa Ctrl da F ya zama nema kamar na kowa, sai wani mai gwaji ya kawo ƙorafi cewa shi a manhajar da ya saba da ita tura saƙo yake yi da shi, a mayar masa. Mai gwajin nan Bill Gates ne. Aka mayar. Ka ga mai gidan da kansa bai yarda ya koyi sabon hali ba, manhajar ya lanƙwasa ta bi hannunsa, sabonsa ya zama dokar kowa. Kai da ba ka nemi a sauya wa kowa komai ba, a kwamfutarka kaɗai, kai ne mai jin nauyi?

Mutanen Thunderbird, ku daina dariya, naku ya fi yawa. Manhajarku kyauta ce daga gidan Mozilla, zubinta na 1.0 tun Disamban 2004, kuma kun shekara kuna alfahari cewa ku ba ruwanku da ƙyale-ƙyale, aiki kawai. Sai ga Yulin 2023, zubi na 115 da aka yi wa laƙabi da Supernova ya sauka. Aka wayi gari tsohon jeren babu shi. An mayar da shi layi guda a ƙololuwar taga, Unified Toolbar, wanda a tsarin da ya zo da shi kusan fayau yake, sai akwatin nema a tsakiya. Maɓallin ɗauko saƙo ya ƙanƙance ya zama ɗan hoton gajimare, ya koma saman jerin folda tare da na rubuta sabon saƙo. Layin File da Edit da View, ga wanda ya kunna shi, ya dawo ƙasan sabon layin maimakon samansa. A lokacin, masu cewa wurin zaman maɓalli ba komai ba ne su suka fi kowa kururuwa. Ashe hannu ya haddace hanya mai shi bai sani ba. To in matsar da maɓalli taku ɗaya ya isa ya ɓata maka yini, ka riga ka yarda cewa wurinsa yana da tasiri. Saura ka yarda cewa kai ma kana iya matsar da shi, wannan karon zuwa inda kake so.

Aikin kuma bai kai a kira yaron da ke gyaran kwamfuta ba. Kai maus kan layin nan na sama, inda babu komai, ka danna ɓangaren dama. Za ka ga Customize. 'Yan'uwanmu na Maraɗi da Damagaram masu kwamfutar Faransanci za su ga Personnaliser. Danna. A sama ga layinka yadda yake, a ƙasa ga maɓallai zube suna jiran mai ɗauka. Kama wanda kake so da maus, ja shi sama, saki. Wanda ba ka so ja shi ƙasa. A cikinsu akwai wani da ba maɓalli ba ne, Flexible Space, fili ne kawai mai miƙewa, aikinsa raba tsakani. Riƙe sunansa, yana da rana. Kowane sashe da jerensa, na wasiƙu daban, na kalanda daban, na littafin adireshi daban. A ƙasa akwai inda za ka zaɓi hoto da rubutu a gefe, ko rubutu a ƙarƙashin hoto, ko hoto zalla, ko rubutu zalla. Ka gama ka danna Save. Masu Apple Mail, naku ma haka yake: View, Customize Toolbar, ja ka saki.

Bari in juyo kan abokin wasana Bazazzagi, wanda tun ɗazu ya rungume laftof ɗinsa a ƙirji. Na san laftof ɗin nan. Ledar da ta zo a kan murfi har yau ba a ɓare ba, ta yi baƙi a gefe-gefe ta fara nannaɗewa, takardun masana'anta suna nan manne kusa da kibod. Tsoronsa ɗaya ne, kada ya taɓa wani abu saƙonnin shekara goma su bi iska. Kwantar da hankalinka, mutumin Zazzau, mu Kanawa mun taɓa, kuma ga mu da ranmu. In ka cire Delete daga layi, sharewa tana nan a jerin umarni, tana nan a kibod. Saƙonninka suna can a foldarsu, jeren maɓallai bai ma san da zamansu ba. In ka jagwalgwala komai har kai kanka ka rasa gane gabansa da bayansa, akwai Restore Default a Thunderbird, akwai Reset a Outlook. Ka danna, komai ya koma yadda Bature ya ba ka, ka ci gaba da zama lafiya da ledarka.

Na Outlook akwai 'yar gardama, gara in faɗa tun yanzu kada a ce na yi rufa-rufa. Shiga File, Options, Customize Ribbon, ko ka danna dama a kan Ribbon ɗin. Za ka tarar an ɗaure maɓallan rukuni-rukuni, kuma ɗaurin kamfani ba ya kwancewa: ba za ka iya zare Reply All shi kaɗai daga rukunin Respond ba, sunayen ma sun yi toka-toka don ka san ba naka ba ne. Dabarar ita ce ka cire rukunin ɗungurungum, ka danna New Group ka kafa naka, ka raɗa masa suna, ka zuba masa abin da kake so bi da bi. Wanda ya ga wannan ya yi masa yawa, ya tsaya a ɗan siririn layin Quick Access: danna dama a kan maɓalli, ka ce a ƙara shi can. Garaɓasar da ke ciki, na farko a layin yana amsa Alt da 1, na biyu Alt da 2, haka har gaba. Sa Quick Print a farko. Oga ya leƙo ya ce a buga masa, kafin ya rufe baki takarda ta fara fitowa.

Amma saurin nan ba shi ne babban dalilina ba, kuma a nan nake so masu tsaki su buɗe kunne. Daƙiƙa biyun da za ka tsira da su ba za su sa a ƙara maka albashi ba, na yarda. Abin da ya fi damuna maƙwabtaka ce, wa ke zaune kusa da wa. A lokacin Yaƙin Duniya na Biyu, sojojin saman Amurka sun sha mamakin yadda matuƙan jirgin B-17 ke sauka lafiya, sannan su janye ƙafafun jirgin yana gudu a ƙasa, ya zube a kan cikinsa. Aka yi ta rubuta cewa kuskuren matuƙi ne. A 1943 wani masanin halayyar ɗan Adam, Alphonse Chapanis, ya shiga ɗakin tuƙin ya duba, ya tarar makunnin ƙafafu da makunnin fiffiken rage gudu iri ɗaya ne sak, kuma suna gefen juna. Mutum ya dawo daga doguwar tafiya a gajiye, hannu ya kai ga na kusa. Maganin bai taka kara ya karya ba: aka maƙala ɗan tayan roba a kan na ƙafafu, aka sa wani mai siffar fiffike a kan ɗayan, hannu ya riƙa ganewa ko ido bai duba ba, irin wannan haɗari ya kau. Wani masanin a wannan fage, Paul Fitts, shi ne a 1954 ya fitar da ƙa'idar da masu zana manhaja ke aiki da ita har gobe: gwargwadon nisan abu da ƙanƙantarsa, gwargwadon lokacin da hannu zai ɗauka kafin ya same shi. Ƙa'idar tana aiki gaba da baya. Abin da kake so kullum ka kawo shi kusa ka ba shi girma. Abin da ke iya jawo maka magana ka kai shi nesa, inda sai da niyya za ka je.

Mai jawo magana kuwa kun san shi. Reply All. Yana zaune jikin Reply, kamarsu ɗaya, wannan kibiya ɗaya wancan kibiya biyu. Sanarwa ta fito daga ofishin mulki zuwa ga ma'aikata duka cewa an ɗage biyan alawus, kai kuma ka yi niyyar rubuta wa abokinka ra'ayinka na gaskiya game da shugaban sashen kuɗi, da Hausa, ba sakaya. Hannu ya zame taku ɗaya. Kafin ka kai kofin shayi baki kowa ya karanta, har da shi, sai a lokacin ka tuna ashe Bakatsine ne, ya fi ka jin Hausar. Kada ka ce wannan sai sakarai. Ranar 14 ga Nuwamban 2016, a hukumar lafiya ta Ingila, NHS, wani saƙon gwaji ya kuɓuce ya faɗa akwatin ma'aikata kimanin 840,000. Wasu daga cikinsu, mutane masu ilimi da muƙami, suka shiga danna Reply All suna cewa a cire sunansu, wasu kuma suka danna Reply All don su gargaɗi jama'a a daina danna Reply All. Kowace amsa guda kuwa ga dukkan jama'ar nan take tafiya. Cikin awa ɗaya da 'yan mintoci saƙo kusan miliyan 500 ya cunkushe hanyar da a rana ta yau da kullum miliyan 3 zuwa 5 take ɗauka, imel ɗin ma'aikatan asibiti ya koma tafiyar hawainiya. A 2020 sai da Microsoft ta saka wa Exchange Online birki na musamman don toshe irin wannan ambaliya.

Injiniya ya sake ɗaga hannu: ai waɗancan da gangan suka danna, ko bayan gari aka kai maɓallin za su bi shi. Wasunsu, ƙwarai kuwa. Matsar da maɓalli ba ya maganin mai son a ji muryarsa. Kuma ko ka kore shi daga layin sama, a Outlook da Thunderbird duka akwai wani Reply All ɗin a kan saƙon kansa, wanda ba ya ciruwa ta wannan hanya. A Thunderbird, More da Customize na wurin kamannin maɓallan suke sauyawa, cire su kuwa sai mai iya rubuta fayil ɗin userChrome.css, kuma can ba zan aiki Bazazzagi ba. Amma saba wa hannunka da layin da ka jera da kanka, Reply shi kaɗai a hagu, Reply All can dama bayan Flexible Space, ka ga ko zamewar ba ta ragu ba. Haka Archive da Junk da Delete, 'yan ukun da aka jera a kan kowane saƙo a Thunderbird. Delete ma da sauƙi, saƙo yana kwandon shara, ka je ka ɗauko abinka. Junk ne mugu, domin matatar Thunderbird daga hannunka take koyo: duk saƙon da ka ce tarkace ne sai ta nazarci kalmominsa ta riƙe. Ka jefa wasiƙar jami'ar da kake jira bisa kuskure, ba ka koma ka gyara ba, ka koya mata ke nan cewa irin wannan wasiƙa shara ce. Ta gaba tana iya wucewa can ba sallama, kai kana nan kana cewa Turawan nan ba sa ba da amsa.

Akwai wani yaro a baya yana murmushi, wai shi bai ma san akwai maɓallai ba, komai da kibod yake yi. Ctrl da R amsa, A ajiya, J tarkace, M an karanta, F5 ɗauko saƙo. Madalla, ɗan gari, ka fi mu. Sai dai a Thunderbird waɗannan haruffa ba su da ɗan rakiya, su kaɗai suke aiki. Ranar da ka ɗauka a akwatin nema kake alhali jerin saƙonni ne a zaɓe, rubuta "jama'a" ka ga abin da zai samu akwatinka. Sannan in da gaske ba ka buƙatar layin, ai kai ya fi kamata ka kwashe shi ka samu fili. A Outlook, Ctrl da F1 na naɗe Ribbon. Wannan ma gyaran jere ne, ka shigo sahunmu ba ka sani ba.

Wani ya ce to ni me na sa a nawa. Na farko a hagu, babba da rubutunsa, maɓallin ɗauko saƙo, kuma dalilin ba ya cikin binciken kowane kamfani. A nan sabis zuwa yake ya tafi. Amfanin manhajar kwamfuta a kan imel na burauza shi ne saƙonnin da ta sauko da su suna nan ko babu intanet: ka karanta, ka rubuta amsoshi, a Thunderbird maɓallin Send ya koma Send Later, su taru a Outbox. Sabis ya leƙo na ɗan lokaci, ba ka da sararin laluben ɗan hoton gajimare. Mai Outlook ya ɗauko Send/Receive All Folders da Work Offline daga shafinsu ya kai su Quick Access, don dalili guda. Bayan wannan sai rubuta sabo, amsa, turawa, ajiya. Sai fili da akwatin nema. Can ƙarshen dama, masu laifi: Reply All da Delete. Junk ban ba shi kujera ba sam.

Wanda na fi tsoro ba mai tsaki ba ne, wanda maganar nan za ta yi wa daɗi fiye da kima ne. Gobe ka leƙa kwamfutarsa ka tarar duk abin da ke rumbun ya kwaso ya jera, layi ya cika maƙil, don su samu wuri ya mayar da su hoto zalla, 'yan mitsi-mitsi. Ranka ya daɗe, ka koma gidan jiya, har gara jiyan. Akwatin Archive da kwandon Delete, a ƙaramar fuska, bayan la'asar ido ya gaji, duk akwati ne. Bar rubutu a jikin hoton, ka rage yawan. Laftof 'yar gwanjo irin wadda ɗalibai da ƙananan ma'aikata ke riƙewa, mai fuska 1366 a 768, tsayinta ɗigo 768 ne kacal. Cire kan taga, cire Ribbon a buɗe, cire kan saƙo da layin Windows na ƙasa, ka ga abin da ya rage wa wasiƙar da ka zo karantawa. Mai Thunderbird ya leƙa Density ya zaɓi Compact, zai ga layuka sun ƙaru.

Wuri ɗaya ne zan ba masu tsaki gaskiya ba ja: kwamfutar ofis ta haɗaka, wadda mutum uku ke shiga da suna ɗaya. Sakatariyar da ta shekara da shekaru tana danna Forward ba ta duba ba, ka zo ranar Asabar ka yi mata gyara don ka karanta wata maƙala a mujalla, Litinin da safe hannunta ya je inda ya saba ya tarar da Delete. Kada ka ce ni na aike ka. In kana son naka jeren a wannan kwamfuta, a buɗe maka naka sunan shiga Windows, domin kowane suna da nasa tsarin. In kuma ofis aka sauya maka, mai Outlook yana da Import/Export a ƙasan tagar Customize Ribbon, ya fitar da jerensa a ɗan fayil guda, ya zuba a filasha ya tafi da shi. Hajiya sakatariya kuwa, in ita da bakinta ta ce a matso mata da Print kusa, tambaye ta hagu ko dama, ka matsar, sannan ka cire hannunka daga maus ɗinta.